An kashe macijin rijiya, to wa ke riƙe da guga?

Mu fadarmu nan Maraɗi take bakin gudurun, gindin wani bedi, kuma in dai anka ɗora butar shayi bisa gawayi bayan isha'i to hira ba ta wuce uku, ƙwallo, tsadar tiyar hatsi, sai siyasa. Daren Alhamis da ta wuce siyasa ce ta cinye daren gaba ɗai. Abokinmu mai kabu-kabu shi ya tada ta, ya ce shi wallahi ƙasar ga ba ta jin magana sai da bulala, a bar ma soja kawai su yi ta yi. Mushe, wanda ke koyarwa a lakwal, ya ce a'a, duk lalacewar zaɓe ya fi bakin bindiga. Ustazunmu ya gyara zama ya ce duk ɓata bakinku kuke, in ba shari'a anka koma ma ba babu inda za a je. Sai wani dattijo mai gadin shagunan wurin da muke ce ma Baba, wanda bai cika sa mana baki ba, ya ɗago daga bisa tabarmarshi ya ce, ƴaƴana, da can da ƙasa ke hannun sarakuna wa ya taɓa jin irin wannan hayaniya? Ni dai ina ta fifita gawayi ban ce uffan ba, don mai dafa shayi in ya shiga gardama sukari ke wuce hannu. Amma maganar ta biyo ni gida ta hana ni kwana, shi ya sa na ce bari in zube ta nan kowa ya gani.

Abin da na lura da shi, su huɗun nan duk kan suna suke faɗa. Wanga ya ce soja, wancan ya ce zaɓe, wani shari'a wani sarauta. Babu wanda ya taɓo abin da ni nake ganin shi ne uwar magana: ranar da mai mulkin ya karkace, ko rawani ne bisa kanshi ko kaki gare shi ko babbar riga, wa ke da ikon ce mishi tsaya, kuma ya tsaya ɗin?

Bari in fara da pompon ƙauyen su innata, can wajen Madarunfa, don ni a wurin na ga yadda ake haihuwar gwamnati da idona. Wani proje ya zo ya haƙa musu rijiyar burtsatse, anka sa faranti na hasken rana da tanki bisa ƙarfe, ruwa fari tas, mutanen da sunka saba da jan guga gaba ashirin. Sati biyu na farko in ka je wurin sai ka rantse yaƙi ake. Mata na dambe kan layi, jarka nawa anka fasa, yara sun bar kan pompo buɗe ruwa na malala har ya yi taɓo, makiyaya sun kawo shanu suna tattake kwanoni, mai ƙarfi shi ke ɗiba tsohuwa ta koma gida da tulu wayam. Da abin ya ishi kowa sai anka taru ƙofar mai gari, anka ce a sa kwaɗo, a buɗe da safe da marece, kowace jarka dala biyar, kuɗɗin a tara don ranar da inji ya lalace. Anka duba anka zaɓi wani bawan Allah mai sallah sahun gaba, anka danƙa mishi makulli da gwangwanin kuɗɗi. To ka ga gwamnati kenan an yi, ba ragi. Mutane sun yarda a tauye musu ɗibar ruwa lokacin da sunka ga dama, sun yarda su biya lanho, sun ba mutum guda ikon hanawa da bari, duk don tsohuwa ma ta samu ruwa. Ibn Haldun, malamin nan da anka haifa a Tunis a 1332, abin da ya faɗi kenan tun tuni, cewa ɗan Adam ba ya iya rayuwa shi kaɗai, kuma in sunka taru dole sai da mai tsawatawa in ba haka ba hannun wani zai kai ga kayan wani.

Shekara biyu lafiya lau. Ta ukku inji ya tsaya, anka ce malam kawo kuɗɗin gyara, sai ya fara kame-kame, wai an yi baƙi, wai ya ranta ma wane da matarshi ta haihu, anka ce to ina takardar lissafi ya ce au, ashe ba ku yarda da ni ba? Babu takarda. Ba wanda ya taɓa tunanin a ce ya rubuta, don kunya, ai dattijo ne. Samari sunka fusata sunka je har zaurenshi sunka ƙwace makulli da ƙarfi, mata na guɗa, anka ba wani matashi mai zafin jini wanda shi ne ya fi kowa ɗaga murya ranar. Da na koma bayan shekara na tambayi inna yaya pompo, ta ce mini, ɗana, makulli dai ya canza aljihu. Shi ma sabon ya sayi babur, kuma shi ba a ma iya tambayarshi, don da ka buɗe baki sai ya ce ina kake ranar da na ƙwato muku makullin ga?

Wannan magana ta inna ita ta sa na sake kallon labarin Bayajida da wani ido. Kowa ya san shi: rijiyar Kusugu a Daura, maciji mai suna Sarki ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, baƙo ya zo da dare ya sare kanshi, sarauniya Daurama ta aure shi, daga zuriyarshi anka samu Hausa bakwai. Ba ruwana da ko ya faru ko tatsuniya ce. Abin da ya burge ni, kakanninmu da sunka tashi ba da labarin mafarin sarauta ba su ce daga sama ta sauko ba, a bakin rijiya sunka ajiye ta, wurin ruwan sha. Mulki na wanda ya buɗe ma jama'a rijiya ne. Amma labarin nan ya ƙare wurin biki, bai gaya mana wa ya riƙe guga washegari ba, kuma har wasu na cewa daga laƙabin makas-Sarki ne kalmar sarki ta fito, wato wanda ya kashe macijin shi ya gaji sunanshi. In haka ne to tsofaffin nan sun yi mana habaici mai nauyi ba mu gane ba.

Masu karatun boko suna son jera ire-iren mulki kamar kayan tebur. Tun Aristotal na Girka, sama da shekara dubu biyu, anka ce a ƙirga kawuna: ko mutum guda ke mulki, ko ƴan kaɗan, ko jama'a da yawa, kuma kowane daga ciki yana da mai kyau yana da ruɓaɓɓe, ya danganta da ko don jama'a ake yi ko don cikin mai yi. Wannan rabin na biyu shi muke mancewa. Duba Ingila, sarki gare su har gobe da fada da dawaki, amma ba ya iya ƙara ko dala bisa lanho, majalisa ke yi, kuma a 2022 sun yi faraminista da ba ta cika kwana hamsin ba ƴan jam'iyyarta sunka ce sauka ta sauka, ba a harba ko harsashi guda ba. Saudiyya ma sarki ne, amma can maganarshi ita ce doka. Suna guda, abu biyu. Juyo ka duba jamhuriya: Kamaru jamhuriya ce, ana zaɓe, Paul Biya na bisa kujera tun 1982. Togo jamhuriya ce, gida guda ke riƙe da ita tun 1967, uba ya mutu ɗa ya hau. Senegal ita ma jamhuriya ce, ba a taɓa yin kudeta ba tun 1960, kuma a 2000 da 2012 shugaba mai ci ya faɗi zaɓe ya tattara ya tafi gida. Maƙwabtanmu Najeriya tarayya suke da jihohi 36, kowane gwamna da majalisarshi, sun fara da tsarin faraminista irin na Ingila, a 1979 sunka koma na shugaban ƙasa irin na Amurka, je ka Jibiya ko Katsina ka tambayi talaka ko canjin ya kai tukunyarshi. Sunan da ke bisa allon shago ba shi ke gaya maka abin da ke cikin buhu ba.

Yanzu in dawo ga Baba da sarakunanshi, don nan ne maganar ta fi mini daɗi kuma nan ne mu Maraɗawa ya kamata mu fi kowa sani. Da Katsina ta faɗi hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi gudun hijira, bayan ƴan shekaru Ɗan Kasawa ya zo ya kafa zama a Maraɗi, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Gobirawa su ma bayan yaƙin Gawakuke na 1836 sunka kafa Tsibiri nan kusa da mu. To mutanen nan da sunka zo ba dawaki da takubba kaɗai sunka kawo ba, sun zo da tsari. Sarkin Maraɗi ba shi kaɗai ke da gari ba. Akwai rukuni, mutum huɗu: Galadima, Ƙaura, Durbi da Ƴandaka. Su ke zaɓen sarki cikin ƴaƴan sarauta, kuma babban al'amari kamar yaƙi ba a yanke shi bayan idonsu. Dubi hikimar, su huɗun ba sa iya zama sarki, sarki kuma ba ya iya tafiya ba su. Ƙaura na riƙe da mayaƙa, Galadima na riƙe da harkokin gari da fada, Durbi da Ƴandaka gidajen gado ne masu tushe nasu na kansu. Ga kuma Iya, mace mai faɗa a ji a fada, mata da ƴan bori na ƙarƙashinta, kamar yadda Inna take a Gobir, inda su kuma suke da Tara, majalisar mutum tara. Har yau unguwar Ƴandaka na nan cikin gari muna ratsa ta kullum bisa babur ba mu tuna cewa sunan nan linzami ne da anka taɓa sa ma sarki. Don haka in wani ya ce mini rarraba iko Nasara ya koya mana, sai in ce mishi je ka karanta garinku.

Amma Baba, Allah ya ba ka haƙuri, ba zan shafa ma abin zuma ba. Cikin tsarin nan talaka ba ya da baki. Ba a tambayarshi wa yake so, nashi biyan kuɗɗin ƙasa da ba da ɗa a tafi yaƙi, ga bayi ana saye ana saidawa a kasuwa. Ƙuri'ar talaka guda ce, ƙafarshi: in zalunci ya yi yawa ya ɗaure kayanshi bisa jaki cikin dare ya koma ƙasar wani sarki, kuma sarakuna na tsoron haka don gari ba mutane kango ne. Sannan linzamin kanshi ya taɓa zama dodo. Bayan zamanin Ɗan Baskore, wanda ya yi wajen shekara ashirin yana kai hari har ƙofofin Katsina, gidan sarauta ya rikice, ƙarshen ƙarni na 19 Ƙaura Hasau ya yi ƙarfin da shi ke ɗora sarki shi ke sauke shi, sarki Mijinyawa sai Tasawa ya koma. Ka gani ko? Mai riƙe da mayaƙa, wanda anka ajiye don ya tsare gari kuma ya taka ma sarki birki, shi ya wayi gari ya fi gari ƙarfi. Kudeta ba a Yamai anka fara ta ba.

Da Nasara ya zo shi bai rushe sarauta ba, abin da ya yi ya fi haka muni. Ya bar rawani ya cire linzami daga hannun mutanen gari ya riƙe a nashi. Sarki ya koma mai tara ma kumandan lanho da kamo mutane aikin tilas, aikin da sai 1946 anka soke shi. Wanda kumandan ke so shi ne sarki, wanda ya yi gardama a tuɓe shi a naɗa ɗan'uwanshi. Daga ranar mai mulki ya daina duban ƙasa ya koma duban sama, ya gane cewa wanda zai iya tsige shi ba cikin gari yake ba. Ni a ganina wannan ciwon ne ba mu warke ba har yau, sai dai kumandan ɗin ke canza kama, wani lokaci Faransa, wani lokaci masu ba da bashi, wani lokaci barikin soja.

Ƙirga da ni. An kafa jamhuriyar Nijar ranar 18 ga Disamba 1958, ƴancin kai 3 ga Agusta 1960. Diori Hamani da RDA jam'iyya guda, Sawaba ta Djibo Bakary an haramta ta tun 1959. Fari da yunwa sunka zo, 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kountché ya kifar da shi, jama'a sunka yi murna, an kashe maciji. Tsofaffi har yau na yabon Kountché kan tsare dukiyar ƙasa da zuwa ofis ba sanarwa, kuma ban musa ba, amma su ɗin dai in hira ta yi nisa za su gaya maka yadda mutum ke waiwayawa kafin ya yi magana ko cikin ɗakinshi. Kountché ya rasu a 1987, Ali Saibou ya sassauta, anka harbe ɗalibai bisa gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, anka yi babban taron ƙasa a 1991, dimokuraɗiyya ta zo, nan ma an kashe maciji. Janairu 1996 Baré ya yi kudeta, Afrilu 1999 anka kashe shi a filin jirgin Yamai Wanké ya hau, Fabrairu 2010 Salou Djibo, 26 ga Yuli 2023 Janar Tiani. Kudeta biyar, jamhuriya bakwai, cikin shekarun da mutum guda ke iya rayuwa ya gan su duka, Baba mai gadi ma ya gan su. Kuma kusan ko wane karo akwai waɗanda sunka fito titi da murna, ba don wauta ba, don da gaske rijiyar a rufe take.

Wurare biyu nake so a tsaya a duba. Na farko 1995. Kundin jamhuriya ta ukku mun ɗauko shi kusan sak daga na Faransa, shugaban ƙasa ga shi ga faraminista. Mahamane Ousmane ya ci zaɓe a 1993, ƙawancenshi ya watse, ya rusa majalisa, ƴan adawa sunka ci rinjaye, dole ya zauna da Hama Amadou a matsayin faraminista. Shekara guda cur ana ja-in-ja kan wa ke naɗa wane, wa ke kiran taron ministoci, aikin ƙasa ya tsaya cik, soja sunka ce to ku matsa. Faransawa sun yi irin wannan zaman ƴan marina ba sau ɗaya ba kuma ba su watse ba, mu ko zanen aro bai rufe mana katara ba. Masu cewa linzami da yawa na hana doki tafiya a nan suke samun hujja, kuma hujja ce, ban raina ta ba.

Na biyu 2009, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Shugaba Tandja ya yi wa'adi biyu, mutane da yawa na son shi musamman a karkara, sai anka kaɗa gangar tazarce. Kotun tsarin mulki, ƙarƙashin wata mace, Salifou Fatimata Bazeye, ta ce ba ya halatta. Wallahi ranar linzami ya yi aiki, irin aikin da rukuni ke yi, alƙalai ba bindiga ba dakaru sunka dubi shugaban ƙasa sunka ce a'a. Me ya biyo baya? Majalisa ya riga ya rusa ta, ita ma kotun ya rusa, ya yi ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta, bayan wata shida soja sunka ɗauke shi ana tsakiyar taron ministoci. Abin tambaya ba Tandja ba ne, Allah ya jiƙanshi. Mu ne. Ranar da anka rusa kotun nan mutum nawa cikinmu sunka ji kamar ƙofar gidansu anka ɓalle? Ƴan ƙwadago da ƴan adawa sun fito, gaskiya ne, amma mu da yawa cewa munka yi ai tsoho na aiki a bar shi ya ida. Daidai da mutanen ƙauyen inna da sunka ji kunyar tambayar takarda don mai makulli na sallah sahun gaba.

To Mushe, kai da ke kare zaɓe, ina tare da kai rabin hanya. Zaɓe shi ne dabara mafi araha da ɗan Adam ya samo ta sauke mai mulki ba a zubar da jini ba, kuma 2 ga Afrilu 2021 da zaɓaɓɓe ya miƙa ma zaɓaɓɓe karon farko a tarihin ƙasar ga ba ƙaramin abu ba ne. Amma kai ma ka san yadda kamfe yake a garin ga. Atamfa mai hoton ɗan takara, sabulu, jikka guda a ninke cikin tafin hannu, alhazai su raba unguwanni kamar gonar gado, depite ya ci ya tafi Yamai sai bayan shekara biyar a sake ganin motarshi. Wanda ya sayi ƙuri'arka ba ya jin yana da bashinka, ya biya tun a rumfa. In tsakanin zaɓe da zaɓe ba mai iya tambayarshi lissafi, alƙali na jiran waya daga sama kafin ya yanke hukunci, to sarki ne kawai munka naɗa na shekara biyar, kuma sarkin da ba rukuni.

Kai kuma mai kabu-kabu, na san abin da ke cinka. Na san yadda ƴan bindiga sunka hana mutanen Gidan Runji da Madarunfa kwana cikin gidajensu, a sace shanu a sace mutum a nemi fansa. Na san zafin da munka sha da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta rufe iyaka a 2023, Najeriya ta yanke kuran, hanyar Ɗan Isa ta mutu, kuma na ga yadda mutane sunka ji kai ya tashi da sojan Faransa sunka fice a Disambar shekarar. Ni ma na ji daɗin ganin an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a kundin da mulkin soja ya sa ma hannu a Maris 2025. Amma kundin nan dai shi ya ba soja shekara biyar da ake iya ƙarawa, kuma an rusa jam'iyyu duka. Ban ce mutanen ba su da niyyar alheri ba, ban shiga zuciyar kowa ba. Tambayata irin wadda kake yi ce kafin ka sayi babur: komin kyawon inji, kana hawa wanda ba birki ka ɗauko matar mutane da goyo ka gangara Bagalam? Ba don direba mugu ne ake sa birki ba. Kuma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Ustaz, naka ya fi sauƙi don amsar na cikin littattafanku. Halifofi huɗu, hanya huɗu: Sayyidina Abubakar mubaya'a anka yi mishi bayan tattaunawa, Umar wasiyya anka bari, Usman mutum shida sunka zauna shawara, Ali jama'ar Madina sunka je mishi. Ba a saukar da fom guda ba. Abin da anka saukar adalci ne da shawara da amana, kuma huɗubar farko ta Abubakar cewa ya yi in na yi daidai ku taimake ni in na karkace ku miƙe ni. Wa zai miƙe shi in an ɗaure bakin kowa? Shehu Ɗan Fodiyo ya tashi a 1804 yana kukan zaluncin sarakuna da harajin da ba ya bisa ƙa'ida, amma tun ana cikin yaƙin ƙanenshi Abdullahi ya ga yadda son duniya ya shiga jama'a har ya bar rundunar ya nufi gabas, a Kano anka tsayar da shi. Daga baya sarautun da jihadi ya kafa su ma gado sunka koma. Ba gori nake ba don kakanninmu ne anka kora, a'a, nuni nake cewa ko tuta mai tsarki in ta shiga hannun ɗan Adam sai an sa mishi mai duba shi.

Ƙauyen inna dai daga baya sun samo wata dabara, ba proje ya koya musu ba, wahala ce. Makulli na hannun mutum guda, gwangwanin kuɗɗi na hannun uwar adashin mata, mai rubutawa wani yaro ne ɗan kolej, kuma duk Juma'ar ƙarshen wata bayan an sauko masallaci sai a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a ƙofar mai gari, kowa na ji. Duk shekara bayan girbi a sake zama, ko a bar su ko a canza. Ba wai faɗa ya ƙare ba, ana yi har da zage-zage, watan jiya ma wai an yi rikici kan jikka biyu da ba a ga inda ta shiga ba. Amma da injin ya sake tsayawa bana kwana huɗu ya yi, anka kira mai gyara daga Maraɗi anka biya shi nan take.

Jiya na koma fada da wannan dogon bayani a bakina, na zuba musu shi tun daga Kusugu har tazarce, shayi na farko ya huce na biyu ya huce. Baba ya ce, yaro, ka yi karatu, amma Ƴandaka ɗin da kake faɗi kakan kakana a gidanshi ya yi barance, wata rana zan ba ka labarin da ba ya cikin takarda. Mushe ya ce zai ara misalin pompo ya kai ma ɗalibai. Mai kabu-kabu bai ce komi ba sai da na gama, ya kurɓe kofinshi ya ajiye, ya ce to malam mai lissafi, kuɗɗin shayi da sukari da muke tarawa dala ashirin-ashirin kullum, shekara ukku kenan suna hannunka, ina takarda?

Na ce mishi au, ashe ba ku yarda da ni ba?